Rabon Sikolashif Tsakanin Masu Larabci da Masu Turanci

Wannan magana ta daɗe a ƙasarmu. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, wadda a 1947 ta koma makarantar ilmin Larabci, ga kuma Midil inda ake karatu da Turanci. Gumel a lokacin tana cikin Lardin Kano, saboda haka hanyoyin nan biyu ne a gaban 'ya'yanta. En'e ta wuce, amma tambayar tana nan: in kuɗi sun kasa, wa za a ba?

A ce hukuma za ta ɗauki nauyin yara 8 daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Yara 60 sun yi jarrabawa da Turanci, 20 da Larabci. Wani ya ce a bi maki kawai. To, ai ba mudu ɗaya ya auna su ba. Tambayoyi dabam, masu dubawa dabam. Ko a kasuwar Maigatari ba a gwada raƙumi da sa, kowanne da irinsa ake gwada shi.

Wani ya ce a raba biyu, huɗu huɗu. Wannan ya yi daɗi a kunne, amma fa ɗaya cikin 5 zai samu a Larabci, a Turanci kuwa ɗaya cikin 15. Wani kuma ya ce a bi yawa, shida da biyu. Shi ma ya manta da bukatar ƙasa, gama tana son likita, tana kuma son alƙali. Bukatar nan ce ta sa a 1954 Gwamnatin Arewa ta aika da ɗalibai Sudan, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962.

Ni a ganina, hukuma ta dubi yawa da bukata, ta yanka wa kowane sashe rabonsa, amma ta yi shela tun ba a shiga jarrabawa ba, kada kuma ta sāke bayan ta ga sunaye. Wanda ya zaɓi mudu bayan ya ga mai saye, ya yi zalunci ko da awonsa ya cika. Yaron da aka bari zai koma gona. Haƙƙinsa ne a iya duban idonsa a gaya masa dalili.

Allah Ya sa mu yi adalci, amin.