Kyautar Saƙar Hannu a Ma'aunin Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a wuraren suna da biki, watau raina kyautar da aka saƙa da hannu. Mace za ta kwashe makonni tana saƙa wa jariri hula da safa da zaren ulu, amma ranar suna sai a ture su gefe, a yi ta yabon kayan kanti. Saboda gudun wannan kunya, wasu matan har bashi suke ci don su kai gudunmawa.

Wannan kuwa ya saɓa wa halin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama. Imamu Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wata mata ta kawo masa mayafin da ta saƙa da hannunta. Ya karɓa yana mai bukatarsa, ya fito wa sahabbai ɗaure da shi. Wani mutum ya yaba kyansa, ya roƙe shi, aka ba shi. Da aka zarge shi, sai ya ce so yake ya zama likkafaninsa, haka kuwa aka yi. To, in Fiyayyen Halitta ya girmama saƙar mace ɗaya haka, wane ne zai raina ta?

Har ila yau, Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi, wadda ta rasu a shekara ta 20 bayan Hijira, ta shahara da aikin hannu, tana yin sadaka da abin da ta samu. A aya ta 80 ta Suratun Nahli kuma, Allah Ya lissafa gashin tumaki da na raƙuma da na awaki cikin ni'imominsa, domin daga gare su ake samun kayan ɗaki.

Saboda haka wadda ta iya riƙe kwarashi ko allurar saƙa, ƙofar alheri a buɗe take gare ta. Tana iya saƙa wa tsoho hular sanyi don fita sallar Asuba, ko rigar sanyi ga maraya da almajiri kafin hunturu ya kama, ko jakar littafi ga ɗalibi, ko mayafin tebur da abin rufe kujera ga amarya. Guntayen zaren da suka rage ma, in an haɗa su, sai su zama bargon jariri.

Amma da sharuɗɗa. Kada a saƙa sunan Allah ko aya a kan abin da za a taka ko a zauna a kai. Malamai da yawa sun hana siffanta mai rai, don haka zanen fure da ganye ya wadatar. Kada saƙa ta sa a jinkirta salla. Babban sharaɗi kuwa shi ne barin gori, domin aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta nuna cewa gori yana ɓata sadaka. Wadda ta bayar sannan ta goranta, ta yi kama da matar da aya ta 92 ta Suratun Nahli ta buga misali da ita game da warware alkawari, wadda ta kwance zarenta bayan ya yi ƙarfi.

Shi kuma wanda aka ba, hakkinsa ne ya karɓa da fara'a, ya yi addu'a, ya yi amfani da abin.

Allah Ya sa albarka a hannayen masu sana'a, Ya tsarkake niyyarsu, amin.