Wanda ya yi maka gyara, shi zai yi maka hukunci?

Zan fara da wani laifi nawa, don shi ya jawo wannan rubutu.

Bara wani abokina a wannan ƙungiya tamu ya kawo rubutu a kan wani ganye da ake dafawa a gidansu, ya ce yana warkar da ciwon shawara. Hujjarsa mutum biyar ne cikin danginsa da suka sha suka tashi. Ni aka ba gyaran rubutun. Dare uku muka yi a fada, ga shayi ga jan bik, muna sauya jimla muna cire maimaici, har rubutun ya yi kyan karatu. Ranar zaman zaɓe kuma ina cikin mutum ukun da ke cewa a buga ko kada a buga. Na sani a raina mutum biyar ba su isa hujja ba. Shawara iri-iri ce: wata tana wucewa da kanta ko an sha magani ko ba a sha ba, wata kuma alama ce ta ciwon hanta mai kisa. Duk da haka na ɗaga hannu, aka kai fotokopi.

Bayan kamar sati biyu wata yarinya ta tare ni a ƙofar lakwal, littafin a hannunta. Ta ce: "Yaya, an ce kai ka duba takardar ga. Ƙanena idonshi ya yi ɗorawa. Kofi nawa za mu ba shi?" Na ce mata: "Ƙanwata, don Allah ku bar zancen ganye, ku kai shi likita yau ɗin nan." Ta dube ni, ta dubi littafin, ta tafi. Ba ta ce kome ba, amma na san tambayar da ke bakinta: to me ya sa kuka buga?

Tun daga ranar nake juya abin. Ban yi ƙarya ba, ba a ba ni ko dala ba, kuma ba tsoron abokina nake ba. To me ya ɗaga mini hannu? Kuma shin ya dace wanda ya sha wahala wajen gyaran aiki ya zama shi ne mai yanke hukunci a kansa? Na tarar wannan tambaya ta damu waɗanda suka fi mu nesa ba kusa ba, har ta sa wata babbar ƙungiya ta duniya ta sauya tsarin aikinta.

Sunanta Cochrane, ana faɗin shi kamar Kokren. An kafa ta a birnin Oksfod na Ingila a 1993, aka sa mata sunan Archie Cochrane, wani likita ɗan Sikotilan da ya wallafa littafi a 1972 yana sukar yadda ake ba mutane magunguna da yawa ba tare da an gwada amfaninsu da kyau ba. Gwajin da yake nufi shi ne na ƙuri'a: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan wani abu dabam, sannan a ƙidaya abin da ya faru. Aikin ƙungiyar shi ne ta nemo duk gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya guda, ta auna ingancin kowane, ta haɗa lissafinsu, ta faɗi abin da suka nuna gaba ɗaya. Wannan aikin zan kira shi bitar hujjoji.

Tambarin ƙungiyar ma labarin wata bita ne. A 1972 aka buga wani gwaji daga Niyu Zilan da ya nuna cewa in aka yi wa mace mai shirin haihuwar bakwaini wata allura mai araha da ke taimakon huhun jariri ya nuna, jariran sun fi rayuwa. Wasu ƙananan gwaje-gwaje suka biyo baya, mafi yawansu ba su isa su yanke magana su kaɗai ba, likitoci da yawa kuma ba su ɗauki allurar ba. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 da aka haɗa su wuri guda amfanin ya fito fili. Layukan da ke cikin tambarin gwaje-gwaje bakwai ne daga cikinsu. Mu ma a nan abin ya shafe mu: bitar da aka yi a kan gidan sauro mai magani ta nuna yana rage mutuwar ƙananan yara da kimanin kashi ɗaya cikin shida a inda zazzaɓin sauro ya yi yawa. Irin wannan takarda hukumomin lafiya ke dubawa kafin su ce a saya, a raba. Ka ga ke nan wanda ya sa hannu ya ce a buga ta ya ɗauki kaya mai nauyi.

Shekaru kusan talatin ga yadda aikin ke tafiya. Akwai rukunoni fiye da hamsin, kowane da fanninsa: na ciki da haihuwa, na cututtuka masu yaɗuwa, na ido, da sauransu. Mai son yin bita zai je wa rukunin da ya dace ya yi rajistar tambayarsa. Kafin ya taɓa sakamakon kowane gwaji sai ya rubuta takardar tsari, ya faɗi irin gwaje-gwajen da zai karɓa da yadda zai yi lissafi, a buga ta kowa ya gani, don kada daga baya ya zaɓi abin da ya yi masa daɗi. Mutanen rukunin su ke taya shi neman gwaje-gwajen, su duba masa lissafi, su mayar masa da rubutu sau da yawa yana gyarawa. Aikin yakan ci shekara biyu ko fiye. A ƙarshe kuma editocin wannan rukunin dai su ne ke cewa aikin ya isa a buga. Wato mai reno shi ne alƙali, kamar ni a zaman zaɓenmu.

Sauyi ya zo kashi-kashi. A 2020 aka tsananta dokar kuɗi: marubuci na farko da na ƙarshe dole su zama ba su da wata alaƙar kuɗi da kamfanin da abin ya shafa, haka ma kashi biyu cikin uku na dukan marubutan. Daga 2021 aka shiga shawarar sauya tsarin baki ɗaya, aka tsaya a kan raba ayyuka biyu: masu taimakon marubuci dabam, masu hukunci dabam. Yanzu bita kan je wani ofishin editoci na tsakiya wanda bai sa hannu a rubuta ta ba, shi zai aika wa masana su duba, shi zai karɓa ko ya mayar. Gaskiya kuma ba tsabar ƙa'ida kaɗai ta kawo wannan ba. Hukumar Ingila da ke ba rukunonin ƙasar kuɗi ta dakatar da tallafin a ƙarshen watan Maris na 2023, rukunoni da yawa suka rufe. Ga kuma ƙorafin jinkiri da na bambancin inganci tsakanin rukuni da rukuni. Rashin kuɗi ya tura su, amma wannan bai hana mu tambaya ko inda aka tura su daidai ne.

Dokar kuɗin ba ta da wuyar fahimta, kowa ya san abin da kuɗi ke yi wa harshe. Raba ayyukan ne ya fi tsaya mini, don ya taɓa irin laifina. Da na nemi misalinsa a abin da muka sani, sai na tuna karatun Risala a zaure. A babin shaida, malaman Malikiyya ba su karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta ɗa ga ubansa, ko ta miji ga matarsa. Ina yaro abin ya ba ni mamaki: uban da kowa ya san shi da gaskiya, mai salla a sahun gaba, a ce ba a jin bakinsa? Malaminmu ya ce ba a ce ya yi ƙarya ba, an dai ɗauke masa kayan da ba a so a ɗora wa kowane uba. Sai yanzu na gane. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, ni kuma zan ƙara cewa wahala ma tana hanawa. Dare ukun da na yi a kan rubutun abokina sun mayar da shi nawa. In na ce kada a buga, na zubar da aikina, kuma gobe zan zauna da shi a tabarma guda mu sha shayi. Ban yi wannan lissafin da gangan ba. Zuciyata ta yi shi ba ta shawarce ni ba, sannan ta kawo mini dalilai masu kyau: ai al'adarmu ce, ai ganye ba ya cutarwa, ai mai karatu yana da hankalinsa.

Idon baƙo yana ganin abin da na gida ya saba da shi. A lokacin korona an yi ta yaɗa cewa ivermectin, maganin da aka daɗe ana rabawa a Afirka ta Yamma don cutar makanta ta bakin kogi, yana hana mutuwa. Wasu bitoci da ba na Cochrane ba suka nuna haka, kuma babban abin da suka jingina da shi wani gwaji ne daga Masar. Wani ɗalibi a Landan da aka ba shi takardar a matsayin aikin makaranta ya lura an kwafo wasu sassanta daga wasu wurare, da aka bi bayanan marasa lafiyar kuma aka tarar da maimaici da abubuwan da ba su yiwuwa. A watan Yuli na 2021 aka janye takardar. Da aka cire ta da ire-irenta daga lissafi, amfanin da ake ta yayatawa ya narke. Masana da yawa sun karanta ta kafin wannan ɗalibi, sun fi shi ilimi. Abin da ya fi su da shi, bai riga ya sa ransa a kan amsar ba.

Duk da haka ba zan ɓoye abin da ke damuna a sabon tsarin ba. Tsohon tsarin makaranta ne. Rukunin cututtuka masu yaɗuwa da ke Libaful ya koyar da likitocin Afirka da dama yadda ake bita, ta hanyar zama da su a kan aikinsu layi bayan layi. Editan da ya san ka, ya san wutar lantarki na ɗaukewa a garinku, ya san Ingilishi ba harshenka ba ne, zai yi haƙuri da kai har aikin ya nuna. Baƙon edita yana iya duba shafi biyu ya mayar maka. Wanda ke babbar jami'a a Turai zai sami mai taya shi a ofishin da ke kusa. Ɗan Maradi ko ɗan Tawa da ya yi karatu da Faransanci, wa zai taya shi? In aka raba mai reno da alƙali, sannan aka bar renon ya mutu don babu kuɗi, to an tsabtace hukunci amma an rage masu isowa gabansa, kuma tambayoyin ƙasashe irin namu su za su fara faɗuwa. Wannan ma rashin adalci ne, sai dai ba ya ƙara.

Akwai kuma wanda zai ce mini: ai baƙon ma mutum ne, yana da nasa son rai, kuma wataƙila bai san fannin ba kamar na gida. Haka ne. Shi ya sa nake ganin raba ayyukan bai wadatar ba sai an haɗa shi da sharaɗi. Alƙali ya rubuta dalilinsa filla-filla, yadda marubuci zai san abin da zai gyara. A bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe. Mai reno kuma a ba shi damar yin bayani a matsayin wanda ya san aikin, amma kada a ƙidaya hannunsa. Da waɗannan, ina ganin rabawar ta fi haɗawa, don kuskuren baƙon alƙali yakan faɗa a kan marubuci, wanda ke da baki ya yi gardama ya sake kawowa, shi kuwa kuskuren alƙali mai so yana faɗawa a kan mai karatu da bai san an yi zaman ba, kamar yarinyar nan da ƙanenta.

Saboda haka ga shawarar da zan kawo a zamanmu mai zuwa, na rubuta ta a nan don kowa ya yi tunani kafin ranar. Wanda ya gyara rubutu ya fita daga zaɓensa. Duk rubutun da ya taɓa lafiya ko magani a kai wa wani da ba ya cikinmu, likita ko ungozomar asibiti, ya duba kafin fotokopi. In an mayar da rubutu a rubuta dalili, wanda ya yi gyaran farko kuma ya koma ya zauna da mai shi. Na san mu ƴan kaɗan ne, wani lokaci ma da wuya mu cika mutum uku a zama, kuma wannan zai jinkirta fitowar littafi. Na yarda da jinkirin.

Abokina ya karanta wannan kafin in miƙa shi. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Kai ma ai da ka faɗa mini tun a fada." Gaskiyarsa, da na faɗa. Amma na riga na ga abin da dare uku ke yi mini, ba na so lafiyar ƙanen wani ta sake rataya a kan ƙarfin halina. Wannan rubutun ma shi ya gyara mini shi, don haka ranar zaɓe zai zauna waje. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu dace.