Mai Tsaro Da Ƙahonsa

A shekara ta 2016 wani abu da ake ce da shi MMM ya game Nijeriya. Wani mutumin Rasha ne, Sergei Mavrodi, ya ƙago shi. Aka ce wanda ya zuba naira ɗari, bayan wata guda za ta zama ɗari da talatin. Ba gona, ba ciniki. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba. Babban Banki ya yi gargaɗi, hukumar lura da hannun jari, wato SEC, ita ma ta yi. Cikin watan Disamba aka tsai da biya, mutane da yawa suka shiga Kirsimati hannu wofi. A watan Afrilu na 2025 kuma wani mai suna CBEX ya rushe haka nan.

To, alhakin wa ke nan? Annabi Ezekiyel, a sura 33, ya ɗora alhaki bisa mai tsaron da ya hango masifa bai busa ƙaho ba. Masu tsaronmu kuwa suna da yawa: ga Babban Banki, ga SEC, ga EFCC mai kama mazambata, ga 'yan sanda. Amma idan kowanne ya tsare tasa ƙofa kaɗai, ɓarawo ta tsakani yakan wuce. Wanda ya hango ba shi ne mai ikon kamu ba, mai kamu kuwa sau da dama sai an yi ɓarna yake isowa. Muna murna da dokar 2025 wadda ta mai da kafa irin wannan zamba laifin ɗauri, amma sai hukumomin nan sun haɗa kai za ta yi aiki.

Duk da haka, 'yan'uwa, kada mu wanke hannu da sauri. An busa ƙaho a 2016, mun ji. Abin kuwa ba baƙo ya kawo shi gidajenmu ba. Aboki ne ya gaya wa aboki, wani wurin ma a bakin ƙofar majami'a bayan sujada. Wanda aka biya da fari yakan ce Allah ya yi masa albarka, alhali mai yiwuwa kuɗin wata gwauruwa ne ya shiga aljihunsa.

Tambayar da ta fi damunmu ita ce: mutumin da ya jawo ɗan'uwansa da zuciya ɗaya, shi ma ya yi hasara, yana da laifi? Mu dai muna gani yana da shi, ko da bai kai na mai zambar ba, gama amincinsa ne ya zama tarko. Ba lalle alƙali ya kira shi ba. Amma ya kamata ya tafi gidan ɗan'uwan nan, ya roƙi gafara, idan kuma ya ci riba, ya mayar.