Kachalla da Maƙwabci

Ya kai mai bin Yesu, ga tambaya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ruwan kogin Haɗejiya ya sake hali, kachalla kuwa ta toshe magudanai. Idan ka sare wadda ke bakin lambunka, ruwa za ya wuce wurin albasar maƙwabcinka, shi wanda ya daina cin tuwo da kai tun ran baftismarka. Ko za ka bar ta domin shukarsa ta bushe? Kada ka yi, gama ruwan nan na Ubangiji ne. Sare ta, ka zuba a rami da kashin awaki da toka, kana yayyafi kana juyawa. In ta ruɓe ta zama taki, kai masa kwando guda, ko da ba za ya gode ba.