Yaya Ake Tuna Wadda Ba Ta Son Yabo?

Akwai tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun ranar da muka binne matar da na yi shekara 2 ina haya a gidanta, a garin Goshen na jihar Indiyana a Amurka. Mama nake ce mata. Ciwon daji ne ya kama ta a nono, ya bi ƙashi, cikin wata 14 ta cika, ta bar miji da 'ya'ya huɗu.

'Yar ɗarikar Menonayit ce. Ga wanda bai san su ba, Kiristoci ne da tushensu ke Zurik a 1525, inda wasu suka ce sai mutum ya yi hankali ya zaɓa da kansa za a yi masa baftisma. Sunan ya fito daga Menno Simons, limamin Katolika ɗan Holan da ya bar cocinsa a 1536. Ba sa yaƙi, kuma a cocin su Mama ba abin da ake gudu kamar alfahari.

Ranar jana'iza fasto ya daɗe yana wa'azi, amma sunanta bai fi sau uku a bakinsa ba. Aka yi waƙa ba kiɗa, aka ci abinci, aka watse. Wallahi raina ya ɓaci. Matar da ke tashi ƙarfe 4 na asuba ta ɗuma mini sahur, alhali azumin ba nata ba ne. Ko sa'ad da magani ya zubar mata da gashi ba ta fasa ba.

Na ce wa mijinta, "Baba, me ya hana a faɗi alherinta?" Ya ce ita ta roƙa. A ganinta, abin da aka yi don Allah, in mutane suka biya da yabo, an rage shi.

Na fahimta, don mu ma an hore mu da ɓoye sadaka. Amma ɓoyewa aikin mai bayarwa ne, godiya kuwa aikin wanda aka bai wa. Tana da iko ta ƙi yabo; shin tana da iko ta yafe mini bashin da ke wuyana? Ga kuma autarta, mai shekara 9 a lokacin. In kowa ya yi shiru don girmama tawali'un uwar, me yarinyar za ta gada ban da hoto? Na kuma lura, a kowace al'umma, irin wannan shirun ya fi faɗawa a kan aikin mata.

Ta bar wani bargo na haɗe-haɗen ƙyalle da ba ta gama ɗinkawa ba. Matan coci suka ƙarasa shi, aka sayar a gwanjon da ake yi a Goshen duk watan Satumba, kuɗin suka tafi ga ƙungiyarsu ta agaji, MCC, wadda aka kafa a 1920 don ciyar da masu yunwa a Yukiren. Ba a rubuta sunanta a jikinsa ba. Irin tasu tunawar ke nan, kuma ban raina ta ba.

Duk da haka na zauna na rubuta shafi 6 na abin da na gani da idona, na ba Baba ya ajiye wa autar sai ta girma. Ya karɓa ya sa a durowa, bai ce uffan ba. A nan kuwa, kun ga ban ambaci sunanta ba.