Dariyar Manya Da Harshen Yaro



Wani abu ya auku a ajina a Kawo wanda ya hana ni sakat. Wani yaro ɗan shekara 7, sabon zuwa daga Sakkwato, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mi kac ce?" Sai aji ya ɓarke da dariya. Ni kaina na murmusa, Allah Ya gafarta mini. Bayan wata uku mahaifinsa ya kawo mini kuka, wai yaron ya fara gyara wa kakarsa magana, yana cewa Hausarta ta ƙauye ce.

To, wa ya koya masa? Ba a haifar yaro da raina harshe, fuskar manya yake dubawa. Ya ga Hausar littafi da ta labarun rediyo ɗaya ce, wato wadda aka gina bisa Kananci, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa ta tun 1939. Ya ga sau da yawa a wasan kwaikwayo sai za a ba da dariya ake aron Sakkwatanci. Alhali Kaduna garin baƙi ne: Bazazzagi mai cewa "motan" maimakon "motar" yana maƙwabtaka da Bakatsine da Bagwari.

Ban ce a bar koyar da daidaitacciyar Hausa ba. Ni ma nahawu nake koyarwa, kuma jarrabawa ba ta san uzuri ba. Amma "ga yadda ake rubutawa" daban, "ba ka iya magana ba" daban. Na farko ilmi ne, na biyu izgili ne, wanda aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana.

Mu tuna da Sayyidina Umar, da ya ji Hisham bn Hakim yana karanta Suratul Furƙan ba kamar yadda shi ya koya ba. Ya jawo shi har gaban Annabi (S.A.W.), sai Annabi ya gaskata su duka biyu, domin an saukar da Alƙur'ani bisa haruffa bakwai. Duk da haka a yau za ka ji ɗan Islamiyya mai karatun Hafs yana yi wa almajiri mai Warsh dariya. Ai mun san inda ya samo ta.

Na kira yaron nan, na gaya masa a ƙasarsu Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta na wa'azi. Ya saurara cikin ladabi. Amma har yau bai sake cewa "mi" a gabana ba.