Karatu Lazimi Ne: Waƙa da Sharhinta

Da sunan Allah nake farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, waɗannan baitoci ne shida da na tsara domin almajiranmu na zangunan Ankara, babban birnin Gana, tun daga Nima da Mamobi har Tsohuwar Fadama. Dalili kuwa, na ga yara da yawa suna shekara biyar a gabanmu, an kai su Risala, amma in ka tambaye su farillan alwala daga Ahalari sai su sunkuyar da kai.

Ya ɗan'uwa mai son sani, saurara,
Ilmi kamar wuridi yake gun riƙewa.
Shi lazimi safe da yamma ake yin sa,
Ba ƙari, ba ragi, ba a tsallakewa.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗana, duk wanda ya karɓi ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, an ɗora masa istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma. Wannan bai kai aikin rabin sa'a ba. Amma dubi tsohon da ya riƙe shi shekara 40, ka ga abin da ya tara. To, haka karatu yake. Layi biyar na Ashmawi kullum, da fassararsu, ana maimaitawa har su zauna, sun fi shafi goma da aka haɗiye ranar Asabar aka manta ranar Talata. Yaranmu na makarantar boko suna da wata ɗabi'a, ba sa buɗe littafi sai jarrabawa ta rage kwana uku, sa'an nan su kwana ido biyu da shayi. Wa ya taɓa jin muridin da ya tara lazimin wata guda ya ja shi a dare ɗaya, ya ce ya riƙe ɗariƙa?

Sanya wa darasinka sa'a sananniya,
Bayan asuba, tun gari bai gama wayewa.
In ya kuɓuce maka yau bisa uzuri,
Rama shi gobe, bashi ne sai da biyawa.

Sharhi: Na zaɓi bayan asuba ne don na san gidajenmu. Ɗaki ɗaya mutum shida, maƙwabci da rediyonsa, mai ƙira da gudumarsa, motocin haya suna kiran fasinja a bakin titi har tsakar dare. Wanda ya ce sai ya sami shiru a Nima zai yi karatu, to ya daɗe bai fara ba. Amma tsakanin sallame sallar asuba da lokacin da masu koko da ƙosai za su ɗora tukunya akwai sa'a guda mai albarka. Ka zauna a masallaci, ka ja laziminka, ka buɗe littafinka a wurin da ka zauna jiya. Wayar hannu kuwa a bar ta a gida. Ban ce haramun ce ba, ni ma ina da ita, amma ban taɓa ganin ta shiga tsakanin yaro da littafi littafin ya yi nasara ba.

Game da ramuwa, kowa ya san lazimin da ya kuɓuce ana rama shi. Darasi ma haka. Ɗan kasuwar Agbogbloshie da dako ya hana shi zuwa yau, gobe ya zo da na jiya tukuna.

Kar ka biɗi ƙari ba ka biya na jiya ba,
Allon da bai zauna ba ba a wankewa.
Abin da ke takarda ruwa na cin sa,
Na ƙirji kam ambaliya ba ta sharewa.

Sharhi: Baitin farko ladabin makarantar allo ne. Malamanmu ba sa ba yaro izinin wanke allo sai ya biya shi da ka, ba gargada. Da muka shiga littattafai sai muka saki wannan ladabi, kowa na gaggawar a ce ya sauke Iziyya ya kama Risala. Ni dai a zaurena, wanda bai kawo na jiya ba ba ni ƙara masa, ko ubansa ya zo ban baki. Kuma ina haɗa su biyu-biyu, wannan ya rufe littafi ya faɗa, wancan ya riƙe ya gyara, sa'an nan su musanya. Duba littafi da ido yana ruɗin mutum ya zaci ya iya. Sai an rufe an tambaye shi ake gane inda ramin yake.

Baiti na biyu kuwa da hawaye na rubuta shi. Daren Laraba 3 ga Yuni 2015 aka yi ruwan da ya cika kogin Odo ya malala cikin gari, wuta kuma ta tashi a gidan mai na Sakul, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. A daren nan ruwa ya shiga ɗakina. Akwatin da ke ƙarƙashin gado, mai ɗauke da ta'alikin da na rubuta a gaban malamaina tun ina saurayi, ya zama kunu. Da na zauna in mayar da shi, sai na tarar abin da na haddace na kuma karantar yana nan sarai, abin da na rubuta na ce sai wata rana zan koma masa ya tafi har yau.

Sai na tuna labarin Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira. An ruwaito cewa yana komowa daga Jurjan zuwa garinsu Ɗusa 'yan fashi suka ƙwace jakar takardunsa. Ya bi su yana roƙo, babbansu ya yi masa dariya, wane irin ilmi ne wannan da ake raba mutum da shi ta hanyar ƙwace jaka. Da aka mayar masa, ya shekara uku yana haddace abin da ke ciki. Na sha ba ɗalibai wannan labari kafin 2015, alhali akwatina na ƙarƙashin gado.

Saboda haka na mai da ranar Alhamis ranar bita a zaurena. Ba a ƙari a cikinta. Kowa ya zo ba littafi a hannu, a fara daga babin farko. Allah ya sa mu dace, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallama.